Wasiƙa daga Gilasgo: Zauren da Aka Gina wa Talaka

Ranka ya daɗe Kawu,

Ina so in ba ka labarin wata ɗabi'a ta mutanen Sikotland da ke rubuce a jikin gini.

A unguwar Goban ta Gilasgo, kusa da Kogin Clyde, akwai zauren jama'a mai suna Pearce Institute, wanda aka buɗe a 1906. Dinah Pearce ce ta ba da shi kyauta don tunawa da mijinta, William Pearce, attajirin masana'antar ƙera jiragen ruwa ta Fairfield. Ga leburori da iyalansu aka gina shi, amma ba a yi musu aikin a-wuce-wurin ba. An ɗauko Robert Rowand Anderson, ɗaya daga cikin manyan masu zanen gini na ƙasar, ya tsara shi da sassaƙaƙƙen dutse, da ɗakin karatu, da wurin motsa jiki, da ɗakunan koyon girki da wanki. A ƙololuwarsa aka kafa siffar jirgin ruwa, wato sana'ar masu unguwar ce aka ɗaga sama da komai. Darasin, a ganina, shi ne: kyautar da za a yi wa talaka sai ta haɗa da girmama shi, ba biyan buƙata kaɗai ba.

Na san za ka ce ai da gumin leburorin aka tara kuɗin, kuma sunan maigida ne a ƙofa. Gaskiya ne, gini ba ya maye gurbin albashi mai kyau. Amma sakayyar niyya tana wurin Allah, amfani kuwa a fili yake: kasuwar jirage ta ja baya, attajiran sun shuɗe, zauren yana nan ana taro a ciki. Wani zai ce ado almubazzaranci ne, rumfar kwano ma ta isa. Sai dai rumfa idan ta faɗi ba mai kuka, abin da aka ƙawata shi jama'a ke kishin gyarawa.

Mu ma ba baƙin wannan ba ne, Kawu. Magabatanmu a zaure suke zuba zanen dagi, inda baƙo da almajiri ke zama. Idan ƙungiyar garinmu ta tashi yin sadaka mai gudana, a tuna da hakan kafin a sayi bulo.

A gaida Inna da yara.

Ɗanka,
daga Gilasgo