Ranar da ruwa ya kai 620

A Yamai, idan kogin Isa ya kai santimita 620, an shiga jan gargaɗi. A Satumbar 2020 ya kai wajen 700, mutanen Harobanda ba su manta ba. Shi ya sa na ɗauko kogin na kawo shi aji.

Na rubuta alƙaluma na gwaji a allo: safiyar Litinin 600, safiyar Talata 610, safiyar Laraba 630. Tambaya: yaushe ruwa ya kai 620? Tunda sau ɗaya ake awo a rana, sai mu haɗa kowane awo da na gaba da miƙaƙƙen layi. Lissafin ya zama gaɓa-gaɓa kamar rake, kowace gaɓa da nata tsari. Ka cire 620, ka nemi inda ya koma sifiri. Wannan wurin shi ake kira saiwa.

Wani ɗalibina mai kaifin kai ya riga kowa ɗaga hannu: "Mushe, safiyar Laraba ce." Ya ɗauki gaɓar farko, ƙarin 10 a rana, ya ga kwana biyu ne. Lissafinsa ba kuskure. Amma gaɓar farko ta ƙare tun safiyar Talata, daga nan ruwa na ƙaruwa da 20 a rana. Amsar ita ce yammacin Talata. Rabin kwana ke nan tsakani, kuma ga mai ɗakin laka a bakin kogi, rabin kwanan dare ne.

Laifin nawa ne. Shekaru ina koya wa yara warware lissafi, ban cika tilasta musu su tambayi amsa daga ina ta fito ba.

Kwamfuta ma haka take fama. Masana kan haɗa awo da lanƙwasassun layuka, sai ta warware kowace gaɓa daban, ta zubar da duk saiwar da ta faɗa wajen iyakar gaɓarta. Idan awon Talata ya zo 620 cif, gaɓa biyu za su kawo amsa ɗaya, dole a hana ƙirga ta sau biyu. Idan kuwa ruwan ya kwana a 620 bai motsa ba, kowane minti saiwa ne.

Yanzu kafin in duba amsar ɗalibi, ina fara neman inda ya rubuta "daga Litinin zuwa Talata". In babu, takardarsa ta koma hannunsa.