Surukin Daura da Takardar Izinin Zama

Kalmar baƙo tana da fuska biyu a bakin Bahaushe. Akwai baƙon da ake shimfiɗa wa tabarma, a kawo masa ruwa tun kafin a tambayi sunansa. Akwai kuma wanda ake tuna wa cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Al'ada ta tanadi hanyoyin da mutum zai bi ya fita daga baƙunci, kuma babbar cikinsu ita ce aure. Wanda aka ba mata a gari ya zama suruki, 'ya'yansa sun sami kawunnai, kuma ranar da ya cika a maƙabartar garin za a rufe shi. Dokar ƙasa kuwa tana da nata baƙon, wanda ba harshe ko addini ko auratayya take dubawa wajen gane shi ba, sai launin fasfo. Wannan rubutu bayani ne a kan yadda ma'anonin nan biyu suke karo da juna a ƙasar Daura, daga bakin wanda abin ya shafa.

Ni haifaffen ƙasar Magariya ne, a jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar. Karatu ne ya kawo ni Nijeriya, aure kuma ya zaunar da ni a Daura, inda maiɗakina da iyayenta da kakanninta suka tashi. Kusan shekara goma ke nan, Allah kuma ya ba mu zuriya. A unguwarmu ba mai kira na baƙo. Ana neman shawarata a sha'anin masallaci, ana aike ni karɓar aure, yara na ce mini Kawu. Amma a cikin akwatin takarduna akwai wani kati mai ɗauke da ranar ƙarewa, kuma duk lokacin da ranar ta matso sai in tuna cewa a idon doka zamana na aro ne.

Manazarta tarihin wannan yanki sun san cewa iyakar da nake magana a kanta ƙaramar yarinya ce idan aka gwada ta da zumuncin da ta ratsa. Bayan da masu jihadi suka karɓi birnin Daura a farkon ƙarni na 19, zuriyar sarakunan Haɓe ta kafa kujerunta a Zango da Ɓaure, waɗanda daga baya suka shiga inuwar Damagaram, kamar yadda M. G. Smith ya bayyana a littafinsa kan tarihin Daura na 1978. A 1906 Turawan Ingila suka mayar da sarautar birnin ga gidan Haɓe, suka naɗa Malam Musa. Tsakanin 1906 da 1908 kuma tawagar Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila ta bi ta kafa turakun iyaka daga kogin Kwara har zuwa tafkin Chadi. Turakun sun ratsa gonaki da burtali da dangi. William Miles ya nuna haka a nazarinsa na 1994 kan ƙauyukan 'Yardaji da Yekuwa, ɗaya a ƙasar Daura, ɗaya a ƙasar Magariya, masu harshe ɗaya da addini ɗaya amma gwamnati biyu. Har yau duk wanda ya tsaya a Kwangwalam ko Babban Mutum, ko ya shiga kasuwar Mai'aduwa, zai ga cewa kai amarya daga wannan ɓangare zuwa wancan abu ne na yau da kullum.

Abin da ya sauƙaƙa wa irinmu zama shi ne yarjejeniyar walwalar zirga-zirga ta ƙungiyar ECOWAS, wadda mu a Nijar muke kira CEDEAO. An sa mata hannu a Dakar a watan Mayun 1979, ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Ƙarin yarjejeniyar 1986 ya kawo haƙƙin zama, wanda a kansa Hukumar Shige da Fice ta Nijeriya take ba 'yan ƙasashen ƙungiyar katin zama mai wa'adi, da ake sabuntawa idan ya ƙare. Gaskiyar magana ita ce akasarin ma'auratan karkara ba su taɓa neman wannan kati ba, domin ba abin da ya taɓa tilasta musu. Ɗalibi kuwa, ko ma'aikaci, ko mai son buɗe asusu a banki, ba shi da makawa. Ni ina cikin waɗannan.

Na daɗe ina sabunta katina ba tare da fargaba ba, har zuwa ranar 26 ga Yulin 2023 da sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai. Nijeriya ta rufe iyaka a watan Agusta, ba ta buɗe ba sai a Maris na 2024. A cikin waɗannan watanni aka yi rasuwa a danginmu na Magariya, ta waya na yi ta'aziyya, alhali tafiyar ba ta kai ta yini ba. Masu babur sun ci gaba da bi ta daji, amma mai katin zama da yake son sabunta shi ba ya son a kama shi a hanyar da ba ta hukuma ba. Dattawa sun ce ba yau farau ba. Sun tuna rufewar 1984 zuwa 1986, wadda ta haɗu da fari har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan Buhari, sun kuma tuna ta 2019. Sai dai wannan karon an ƙara da wani abu sabo. A ranar 28 ga Janairun 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewarsu daga ECOWAS, ficewar kuma ta tabbata a ranar 29 ga Janairun 2025. A wannan rana ƙungiyar ta umarci ƙasashenta da su ci gaba da karɓar takardun 'yan ƙasashen uku, su bar su su shiga su zauna ba biza, har sai an ba da wata sanarwa. Abin da yake haƙƙi jiya ya koma alfarma, alfarma kuwa mai ita yana iya janye ta ranar da ya so.

A nan ne na fara neman in ɗora zamana a kan aure, tunda ginshiƙin farko ya fara girgiza. Sai na tarar da sashe na 26 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999. Sashen ya ba macen da take auren ɗan Nijeriya, ko ta taɓa aurensa, damar zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista. Bai ambaci namijin da yake auren 'yar Nijeriya ba. Abin da ya rage wa irina shi ne sashe na 27, wanda ya gindaya zaman shekara 15, da sharuɗɗan da suka haɗa da ra'ayin gwamnan jiha cewa al'ummar wurin ta karɓi mutum kuma ya saje da rayuwarta. Kafin nan akwai wani matsayin baƙo na musamman da Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida take ba mazajen 'yan Nijeriya, wanda izinin zama ne kawai. A watan Maris na 2022 an kawo ƙudurin gyara wannan sashe gaban Majalisar Tarayya tare da sauran ƙudurorin da suka shafi mata, bai sami ƙuri'un da ake buƙata ba, kuma duk da zanga-zangar da mata suka yi a ƙofar majalisar, bai zama doka ba. 'Ya'yana 'yan Nijeriya ne ta wajen uwarsu, bisa sashe na 25. Ni kaɗai ne a gidan nake zaune da wa'adi.

Ga ɗalibin adabin baka, wannan lamari yana da ban mamaki idan aka tuna a wane gari ake. Labarin kafuwar Hausa Bakwai labari ne na baƙon namiji da ya sami wurin zama ta hanyar aure. Bayajida ya taso daga Bagadaza, ya bi ta Borno da Gaya, ya sauka Daura da dare a gidan tsohuwa Ayana, ya kashe macijin rijiyar Kusugu. Magajiya Daurama ta yi masa tayin rabin gari, shi kuwa ya zaɓi aurenta. Ko mutum ya ɗauki labarin a matsayin tarihi ko tarihihi, darasinsa a fili yake: mace 'yar gari tana da ikon mayar da baƙo ɗan gida, har jikokinsa su mulki ƙasa. Da yau Bayajida ya iso Kwangwalam, da sashe na 26 bai san da zamansa ba.

Matsala ta biyu ita ce ta hujja. A shari'ar Musulunci bisa mazhabar Malikiyya, aure yana tabbata da waliyyi da shaidu da sadaki da siga. Namu an ɗaura shi a ƙofar gidan surukina bayan sallar Azahar, aka raba goro da dabino, maroƙi ya sanar, jama'a suka shaida. Ba wanda ya rubuta komai, domin ba a saba ba. Da na kai takarduna wani ofishi, jami'in da ya karɓe ni, wanda harshensa bai bambanta da nawa ba, ya ce, "Malam, ni ban musa aurenka ba, amma fayil ba ya jin magana, sai ka kawo abin da zan sa a ciki." Gaskiya ya faɗa. Sai da muka nemi shaidun da suka rage, domin liman da ya ɗaura auren ya riga mu gidan gaskiya, muka je kotun shari'a aka yi rantsuwa aka ba mu takarda. Surukina, dattijo mai shekaru, ya raka mu yana mamaki. Ya ce da ni, "Yaro, ashe 'yar da na ba ka a gaban jama'a sai alƙali ya sake ba ka ita?" Na ce, "Baba, haka zamani ya zo da shi." An kuma buƙaci maiɗakina ta rubuta wasiƙa da hannunta, ta ambaci cikakken sunana, ta ce ta amince da zamana. Macen da tun ranar da aka kawo ta ba ta taɓa kama sunana ba saboda alkunya, sai ga shi takarda ta sa ta rubuta shi baro-baro.

Wannan karo tsakanin kunya da hujja ya fi tsanani ga Hausawan da aure ya kai ƙasashen Turai da Amurka. A Ingila, wanda ya shiga da bizar aure yana samun kimanin shekara biyu da rabi, ya nemi ƙarin wasu biyu da rabi, sai bayan shekara biyar ya nemi zaman dindindin. Mafi ƙarancin kuɗin shigar da ake buƙata ga mai ɗaukar nauyi ya tashi daga fam 18,600 zuwa fam 29,000 a watan Afrilun 2024. A Amurka, idan auren bai kai shekara biyu ba, katin zama na shekara biyu ake bayarwa bisa sharaɗi, sannan ma'aurata su dawo su tabbatar da cewa auren na gaske ne. Irin hujjojin da ake dubawa a can su ne hotunan ma'aurata tare, da saƙonnin waya, da asusun banki na haɗin gwiwa, da takardar haya mai suna biyu. Auren Bahaushe na gargajiya ba ya tara irin waɗannan. Dukiyar mace tata ce ita kaɗai a shari'a, soyayya kuma abin sakayawa ce. Ma'aunin da aka ƙera domin kama auren bogi yana iya kama auren gaskiya, don kawai masu shi sun tashi a al'adar da ke ɓoye abin da ma'aunin yake nema.

Daga abin da na gani, akwai gyara iri biyu, na kusa da na nesa. Na kusa yana hannun masarauta. Ƙananan hukumomi biyar na ƙasar Daura, wato Daura da Zango da Ɓaure da Mai'aduwa da Sandamu, suna da hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai waɗanda ba a ɗaura aure ba da saninsu ba. Da za a ajiye littafin rajista a hannun kowane limami, a rubuta sunan ango da amarya da waliyyi da shaidu da sadaki a ranar ɗaurin auren, da an hutar da marayu da zawarawa da surukai daga neman shaidu bayan ƙasa ta rufe idon wasunsu. Amfanin wannan ya wuce batun shige da fice, ya kai ga rabon gado. Na nesa kuwa shi ne gyaran sashe na 26, domin 'yar Nijeriya ta sami ikon da ɗan'uwanta namiji yake da shi, tare da yarjejeniya tsakanin Abuja da Yamai da za ta kare zaman ma'aurata ko da dangantakar gwamnatoci ta yi tsami.

Ga mu manazarta Hausa kuma akwai aiki. Muna da tarin bincike a kan al'adun aure, daga na-gani-ina-so har zuwa buɗar kai, amma auren da ya ratsa iyaka yana buƙatar nasa nazarin: yadda ake kai lefe idan an rufe hanya, yadda ake lissafa sadaki tsakanin naira da sefa, da sababbin kalmomin da mutanen bakin iyaka suke ƙirƙira wa takardu da masu duba su. Dattawan da suka ga korar baƙi ta 1983 da ta 1985 suna nan da ransu a ƙauyukan Zango da Ɓaure, ya kamata a naɗi bayanansu tun suna iya bayarwa. Ni dai takarduna suna gaban hukuma ina jiran amsa, katina na yanzu kuma yana da sauran wa'adi. Allah ya zaunar da ƙasashenmu biyu lafiya.