Agogo Ba Ya Jin Kunyar Likita

'Ya'yana, akwai wata ɗabi'a tamu da ke cutar da mu a asibiti. Likita zai ce, "Yaya hannun?" Sai mutum ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi," alhali da safen nan 'yarsa ce ta sa masa maɓallin riga. Godiya ga Allah wajibi ce, amma likita ba gaisuwa yake yi ba.

Na ga haka a kan wata ƙanwata mai ɗinki a Kasuwar Barci, macen da ke zura zare a allura tana hira. Sannu a hankali allura ta fara gagararta, almakashi yana suɓuce mata. Aka ce sammu ne, aka ce iska ce, aka sha rubutu, aka yi hayaƙi. Sai da aka kai ga hoton MRI aka gano cutar MS ce. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta cinye rigar da ke lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka, kamar ɓera ya gwagwiye robar wayar lantarki, saƙo ya riƙa tafiya yana yankewa. Wani likitan Faransa, Charcot, shi ya fayyace ta a 1868. Ta fi kama mata, galibi 'yan shekara 20 zuwa 40, kuma zafi yana tayar da alamunta. Ƙanwata kam ba ta ƙaunar bazara.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake auna hannun. Wani ɗan allo ne mai ramuka 9 da 'yan turaku 9. Za a ce ka ɗauke su ɗai-ɗai da hannu guda ka cusa a ramukan, sannan ka zare su ka mayar, agogo yana tafiya. Kowane hannu sau biyu. Mai lafiya kan gama cikin daƙiƙa 20 ko kusa da haka. A rubuta, a ajiye. In aka dawo bayan watanni aka ga lokacin ya ƙaru da kashi 20 cikin ɗari, to jiki ya ja baya, ko da baki yana ta cewa da sauƙi. Da wannan lissafi likita ke sanin ko magani yana aiki ko a sake shawara.

Kada kuma wani ya ji cokali ya faɗi ya yanke wa kansa hukunci. MS ba ta da yawa a ƙasarmu. Sau tari ciwon suga ne, ko jijiya ce ta matse a wuya, ko somin shanyewar ɓarin jiki, wanda shi ba ya jiran gobe.

Duk wanda carbi ya fara yi masa gardama a yatsa, ko tsintar shinkafa ta zame masa aiki, ya tafi Asibitin Barau Dikko ko Shika. In an tambaye shi, ya faɗi abin da hannun ya kasa yi da ranar da ya fara kasawa, ya kuma nemi a gwada shi da agogo.