Wurin Wa Za Ka Sauka?

A shekarun 1970, idan takardar ɗaukar aiki ta iske saurayi a Dutsi, ko ya ji ana ɗiban leburori a wani kamfani a Kano, dattawa ba sa tambayarsa nawa ake kama ɗaki a can. Tambayarsu ita ce wurin wa zai sauka. In ya ce bai sani ba, to tafiya ba ta tashi ba tukuna. Sai an zauna an lissafo 'yan gari da ke can: ɗan wane yana ɗinki a Fagge, ƙanen wance yana gadi a Bompai, wani almajirin Malam ya zama ɗan kamasho a tasha. Amsar da aka samu ita ke yanke unguwar da mutum zai zauna, wani lokaci har ƙarshen rayuwarsa. Na san waɗanda suka yi ritaya, suka aurar da 'ya'ya a unguwar da ba su taɓa zaɓa ba, illa dai nan mai masaukinsu yake a daren farko.

Ɗan ci-rani ba ya cikin wannan lissafi. Shi zaure ya ishe shi, ko rumfar kasuwa, tunda da ya ga hadari ya fara haɗuwa a gabas zai naɗe tabarmarsa ya koma gona. Ma'aikaci ne ke da matsala, wanda zai shekara, ya kuma shekara, kuma yana da niyyar ɗauko iyali.

Mutumin yankinmu da ya bi ta Daura da Kazaure, ta Dawanau yake shiga Kano, ya gangaro titin Katsina, ya sauka a Ƙofar Ruwa. Cikin ganuwa ba wurin baƙo ba ne, balle gwauro. Gidajen gado ne, kowane lungu an san na wane ne. Sabon Gari kuwa, da Turawa suka keɓe wa baƙi 'yan kudu bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, iyaye ba sa son jin ɗansu ya tare a can, saboda labarin giya da otal-otal ya riga ya iso ƙauye. Sai ya zama saura Fagge, tsohon zangon fatake wanda ya saba da baƙi tun zamanin ayari, da kuma unguwannin da suka tsiro a gefen kamfanonin Bompai, wato Tudun Wada da Gwagwarwa da Birget, daga baya Dakata. Ma'aikacin masaƙa ko na kamfanin matsar gyaɗa yana son wurin da zai ji jiniya daga ɗakinsa ya isa bakin ƙofa da ƙafa, domin mai aikin dare ba ya samun mota, keke kuma sai an yi wata da watanni ana adashi.

Amma akwai wani abu da ke jan mutanenmu, wanda ban taɓa jin an faɗe shi a fili ba. Suna son zama ta gefen garin da ke fuskantar gida. Da Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa suka fara cika, da yawa sun gwammace su zauna can, su sha wahalar shiga mota biyu zuwa Bompai ko Sharaɗa, muddin dai suna bakin titin Katsina. Direban da ya taso daga Daura zai tsaya ya sauke maka buhun gero da saƙon tsohuwa ba tare da ya kauce hanya ba. In aka yi rasuwa, kafin azahar kana gida. A lokacin da babu waya a aljihun kowa, kusanci da wannan titi ya fi fenti da siminti daraja.

Ranar neman ɗaki baƙo ba ya zuwa shi kaɗai. Wani kawuna da ya daɗe a Gwagwarwa ya sha yi wa 'yan garinmu wannan rakiya, kuma lokacinsa ɗaya ne, bayan la'asar, sa'ad da mai gida ke zaune kan buzu a ƙofar zaure. A gaisa, a tambayi iyali, a taɓa maganar zafi, sannan kawu ya gyara zama.

"Alhaji, ga ɗanka na kawo maka. Yaron wajenmu ne, Allah ya ba shi aiki a Bompai."

Alhaji ba zai dubi yaron ba, kawu zai duba. "Malam, ka san shi?"

"Na san ubansa, na san kakansa."

"Da iyali?"

"Da saura, Alhaji. An dai kai gaisuwa, sai bayan kaka."

"To, akwai shago a waje. Cikin gida na masu iyali ne."

Shi ke nan, ba takarda, ba sa hannu, ba lauya. Kuɗin haya wata-wata ake biya, in albashi ya fito. Kawu shi ne takardar. Idan yaro ya yi wata biyu bai biya ba, ko aka ga yana shigo da abokan banza, ko ba a ganinsa a sahun asuba, ba shi za a kira ba, kawu za a aika wa. Wannan ya sa dattijon ba ya tsaya wa kowa sai ya auna shi, kuma wanda ya tsaya wa ba ya son ya ba shi kunya.

Bayan an gama da mutum sai a duba gida, kuma a nan tsofaffin hannu suke da ido. Ba sa fara leƙa ɗaki. Rijiya suke nema, su ja guga su ɗanɗana, don in ruwanta zartsi ne, rabin abin da ka rage a haya zai tafi wurin 'yan garuwa. Daga nan su zaga makewayi, su dawo su ƙirga ƙofofin da ke tsakar gida, su san mutum nawa za su yi layi da buta da asuba. In rani ne, sukan durƙusa su dubi gindin bango. Inda ruwan bara ya tsaya yakan bar zane, kuma mai gida ba zai gaya maka ba. Su ɗaga kai su nemi hasken rana ta hudar kwano. Kayan da za a zuba a ɗakin ba su da yawa: katifar rimi, akwatin ƙarfe, risho, fitilar ƙwai, sai rediyo in an samu hali. Da aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji a 1975 rediyo ya yawaita, babur ma ya shigo, masu gidaje kuma suka ji ƙamshi, haya ta ɗaga.

Kada a ɗauka duk alheri ne. Wanda aka saukar, shi ma zai saukar, kuma ba a neman izininsa. Ɗakinka ya zama tasha: mai jinya da aka turo asibitin birni, maniyyacin da ke jiran jirgi, ɗalibi mai jarabawa, da wanda ya zo kwana biyu ya yi wata uku. Albashinka kuma ba sirri ba ne, kafin ka kai gida an san ka sayi agogo. Akwai samarin da suka gudu wata unguwa mai nisa don kawai su huta da idon 'yan gari, aka yi ta cewa bariki ta cinye su. Ni dai ban ga laifinsu sosai ba.

Masu ilimin boko Kaduna suka fi nufa, domin ita ce hedikwatarmu tun daga Jihar Arewa ta Tsakiya a 1967 har bayan da aka sauya wa jihar suna a 1976. Babban ma'aikaci gwamnati ke ba shi kwatas, ƙaramin akawu ya nemi ciki da falo a Tudun Wada ko Unguwar Shanu ko Kawo. Ma'aikatan masaƙu kuwa Kakuri da Makera suka cika, kusa da masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 da UNTL da ta biyo baya. A gida ɗaya za ka iske Bakatsine da Bakaje da Tibi da Bayerabe suna shanya a igiya ɗaya. Da aka ƙirƙiro Jihar Katsina ranar 23 ga Satumba, 1987, aka kwaso ma'aikata zuwa garin da bai shirya karɓarsu ba, manyan mutane suka koma kwana a shagunan 'yan'uwa. Waɗanda suka rage a Kaduna kuma, rikicin Fabrairun 2000 da na 2002 ya sauya musu tambayar farko. Ba a ƙara cewa ina ya fi kusa da aiki ba, sai dai wane gefen kogin Kaduna. Mutane suka bar gidajen da suka yi shekara ashirin a ciki suka koma Rigasa da Tudun Wada, wasu kuma suka tsallaka kudu. Masaƙun ma suka bi baya, KTL ta rufe a 2002.

Abuja ce ta karya tsohon tsarin gaba ɗaya. Lokacin da gwamnatin tarayya ta tare can ranar 12 ga Disamba, 1991, babu Fagge, babu Alhajin da ke zaune a ƙofar zaure. Gari ne da aka zana a takarda, kuma ba a zana wa ƙaramin ma'aikaci wuri mai yawa ba. Mutum yana aiki a Garki ko Wuse, yana kwana a Nyanya, ko Mararaba da Masaka cikin Jihar Nasarawa, ko Suleja da Madalla cikin Jihar Neja. Wanda ya sami ɗaki mai araha kusa da gari, rusau na zamanin ministan Abuja Nasir El-Rufa'i, tsakanin 2003 da 2007, ya koya masa ya riƙa tambayar takardun fili kafin ya tambayi rijiya. A wannan tsakanin ne kuma gwamnati ta daina ba da kwatas, ta mai da shi kuɗi cikin albashi, ta sayar da gidajenta.

Yau wurin kawu dillali ne ya tsaya, kuma shi bai san ubanka ba, bai damu ya sani ba. Zai turo maka hoton ɗaki ta WhatsApp, ya karɓi kuɗin zuwa gani, ya karɓi la'ada, mai gida ya nemi kuɗin shekara a dunƙule, wani ma shekara biyu. Yaran da ke tafiya yanzu da biro suke lissafi: haya a gefe guda, kuɗin mota na wata a ɗaya gefen, tun ma ba bayan cire tallafin mai a 2023 ba, sannan awowin da cunkoson hanyar Mararaba zai ci safe da yamma. Sau da yawa ɗakin da ya fi araha shi ya fi tsada in an haɗa.

Burin iyayenmu shi ne su tashi daga shagon waje su koma cikin gida, su aika a kawo amarya. 'Ya'yansu da yawa sun haƙura da wannan. Suna barin iyali a Dutsi ko Daura ko Katsina, inda makarantar yara da hatsi suka fi sauƙi, su haɗu su uku ko huɗu su kama ɗaki ɗaya a Dei-Dei ko Zuba kusa da tasha. Ƙarshen wata in albashi ya shigo, su bi motar daren Juma'a zuwa gida, su juyo ranar Lahadi.