Gyara Kayanka: Iyafis, Harafi da Amanar Kunne



Hausawa sun ce kunne ya girmi kaka. Mu da muka tashi a Zangon Tamale mun rayu da wannan magana tun kafin mu fahimci zurfinta, domin kusan duk ilimin da muka mallaka ta kunne ya shigo mana. A makarantar allo malam ne yake biyawa, yaro ya maimaita, kuma ba a wanke allo sai kunnen malam ya gamsu. Labarin kakanninmu fatake, waɗanda suka biyo hanyar goro daga Kano da Katsina zuwa Salaga, a bakin tsofaffi muka ji shi. Waƙoƙin Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga ya kuma rasu a Kete-Krachi a 1934, sun yi yawo a bakunan almajirai kamar yadda suka yi yawo a takarda. Maƙwabtanmu Dagombawa kuwa, tarihin sarakunansu yana hannun makaɗan lunga, masu raba dare suna zayyana shi a ƙofar fada lokacin bukukuwan salla. Jama'ar da take adana tarihinta a cikin murya, wajibi ne ta kula da abin da yake isar da muryar zuwa kunne.

A yau wannan aiki ya koma hannun wani ɗan ƙaramin abu, wato iyafis. Tun da kamfanin Sony ya fito da Walkman a 1979 duniya ta saba da mutum ya keɓe da sautinsa shi kaɗai yana tafe, sannan wayar hannu ta zo ta raba wa kowa wannan gata. Ka tsaya a bakin kasuwar Aboabo da hantsi ka ƙirga kunnuwan da aka toshe: mai babur, mai tura kaya, mai sayar da doya, ɗalibi a kan hanyar makaranta. Wani tafsirin azumin bara yake bi, wani labaran sashen Hausa na BBC, wani muryar ɗansa da ke ci-rani a Kumasi.

Ni kuwa kayan aiki ne a wurina. Shekaru ke nan ina riƙe wa wani dattijo daga cikin shugabannin unguwarmu alƙalami. A zaurensa ake zaman sulhu kan gado da bashi da aure da iyakar fili. Idan masu magana sun yarda, nakan ɗauki zaman a waya, da dare in zauna in mayar da shi rubutu. Tsofaffi ba su ɗaga murya, wasu haƙori ya ƙare musu, kuma jimla ɗaya takan fara da Hausa, ta ratsa Dagbani, ta ƙare da Larabci. A irin wannan aiki harafi ɗaya dukiya ce. Tsakanin "ya saya" da "ya sayar" ɗan ƙaramin sauti ne a ƙarshen kalma, amma shi ne zai nuna wanda yake da fili da wanda ya rabu da shi. Haka "biyu" da "biyar", haka "karya" da "ƙarya". Takardar da na rubuta, watakila jikokin masu shari'ar ne za su buɗe ta bayan babu ko ɗaya daga cikinmu.

Da wayar tsohon iyafis ɗina ta tsinke a farkon hunturu, na sayi sabo a wani shago cikin gari kan sidi 120. Kwalinsa yana sheƙi, an yi masa alkawarin amo mai girgiza ƙirji. Amon kam ya cika alkawari. Da na kunna zaman ranar, sai na ji ƙugin fanka da rurin baburan titi sun cika mini kai, muryar dattijo kuwa tana can baya kamar mai magana daga cikin rijiya. "Sa" da "sha" da "tsa" duk sun narke sun zama huci ɗaya. Mai shago ya ce kayan da aka buɗe ba ya komawa. To, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, sai na zauna da shi.

Abin da ya taimake ni tunani ne daga zauren karatu. Malaman hadisi ba su karɓar magana sai sun bi isnadinta, wane daga wane, kuma idan mutum ɗaya a cikin jerin ya yi rauni, maganar duka ta raunana ko da sauran amintattu ne. Sauti ma da isnadi yake zuwa: daga bakin mai magana zuwa makirfo, daga makirfo zuwa fayil, daga fayil zuwa saitin waya, daga waya zuwa iyafis, daga iyafis zuwa kunne. Sai na bi su ɗaya bayan ɗaya, na faro daga mafi kusa da ni.

Na farko shi ne zaman abin a cikin kunne. A ƙasan kwalin akwai 'yan robobi ƙanana da manya, waɗanda yawancin mutane suke zubarwa tare da ledar. Alhali rabin sautin yana wurinsu. Iyafis ɗin da ake cusawa an ƙera shi ne don ya rufe ramin kunne ruf. Idan roba ta yi kaɗan, sauti ya zurare ta gefe, hayaniyar waje ta shigo, mutum ya yi ta ƙara ƙarfi ba tare da ya ƙara ji ba. Gwajin mai sauƙi ne, kuma kowane ladani ya san shi: idan ya sa yatsu a kunnuwansa yakan ji muryarsa ta cika masa kai. Ka saka iyafis ba tare da ka kunna komai ba, ka yi ɗan gunguni; in ka ji muryarka ta dawo maka daga ciki, ya zauna. Kunnuwan mutum ɗaya ma ba lallai su zo daidai ba. Nawa na dama babbar roba ya karɓa, na hagu matsakaiciya.

Na biyu tsafta ce. A bakin kowane iyafis akwai 'yar raga mai ƙananan huji. Ƙurar hunturun Tamale da take shiga har cikin akwatin da aka kulle, idan ta haɗu da maiƙon kunne, cikin makonni kaɗan take liƙe ragar nan, kuma siririn sauti shi yake fara mutuwa. Busasshen buroshin haƙori mai laushi ya isa, a kifa bakin ƙasa a goge a hankali don datti ya faɗo waje. Ba a sa allura, ba a sa ruwa. Robobin kuwa a cire su a wanke da sabulu, a bari su bushe sarai kafin a mayar. Ramin da ake jona shi a jikin waya shi ma yana tara zaren aljihu, kuma rigar waya mai kauri takan hana kan ya shige gaba ɗaya. Idan bai shige ba, murya takan ɓace a bar ka da amsa-kuwwa.

A nan ɗan 'yar'uwata mai gyaran waya ya ƙara mini wani sani. Ya ce, "Kawu, in ka ji murya ta yi nisa, danna maɓallin da ke jikin wayar iyafis ɗin ka riƙe. In ta dawo daidai, to jerin zobban kansa ne bai dace da wayarka ba." Ashe iri biyu ake jera su, na tsofaffin wayoyi daban, na yanzu daban, kuma har yau ana samun tsohon jeri a kasuwa. Nawa ya tsallake wannan gwaji, amma na rubuta shi don wanda zai amfana.

Na uku shi ne saitin waya, kuma a nan ne gyaran ya fi yin tasiri. Sauti kaɗawar iska ne, ana auna shi da yawan kaɗawa a daƙiƙa ɗaya, wato Hz. Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga kamar 20 zuwa 20,000. Ƙugin ganga da rurin inji suna ƙasa. Wasula suna tsakiya. Baƙaƙen da suke bambanta kalma da kalma, irin su "s" da "sh" da "f" da "ts", suna sama, daga wajen 2,000 zuwa 8,000. Shi ya sa a tsohon layin tarho, wanda yake yanke sauti a wajen 3,400, mutane suke ruɗa "s" da "f". Masu ƙera kayan araha sun san amo mai kauri shi yake burge mai saye a minti na farko, sai su cika shi, shi kuma ya danne harafi.

A cikin manhajar sauraro ta wayoyin Android da yawa akwai abin da ake kira ikwalaiza, mai sanduna biyar da ake ja sama ko ƙasa, galibi an rubuta musu 60 da 230 da 910 da 3,600 da 14,000. Na kashe duk wani saitin ƙara amo da na sautin kewaye. Na sauke sandar 60 sosai, na sauke ta 230 kaɗan, na ɗaga ta 3,600 da ɗan taki ɗaya, sauran na bar su a inda suke. Ƙa'idar ita ce rage abin da ya yi yawa ya fi ƙara abin da ya yi kaɗan, domin ɗagawa da yawa takan sa sauti ya fashe.

Wurin gwaji na nemi muryar da na sani kamar tafin hannuna. Shaihu Mahmud Khalil Al-Husari ya ɗauki karatun Alƙur'ani cikakke a Masar a 1961, daga baya kuma ya yi na ruwayar Warshu da muka tashi da ita a allo. Karatunsa a tsanake yake, kowane harafi yana fita daga mafitarsa. Ibnul Jazari ya ƙirga mafitan haruffa 17, kuma wanda ya yi tajwidi yana ɗauke da ma'aunin da ya fi na shago. In ka rarrabe sin da sadi, ka ji shewar zayun, ka ji gunna tana fita ta hanci ba tare da ta zama gurnani ba, iyafis ɗinka ya kama hanya. Da na kai nan, na koma kan zaman sulhun, sai ga "r" ɗin "ya sayar" ta fito a fili.

Na huɗu shi ne asalin ɗaukar, kuma shi ne shehin isnadin. Abin da makirfo bai kama ba, babu na'urar da za ta dawo da shi. Yanzu kafin a fara zama nakan ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni izini in matso da waya." Ina ajiye ta kamu biyu ko uku daga bakin mai magana, a kan darduma da aka ninka don kada ta kwashi motsin tabarma, nesa da iskar fanka. Masu ɗaukar tafsiri daga ƙarshen sahu, lasifika da bangon masallaci suke ɗauka. Saƙon murya na WhatsApp kuma matse shi ake yi don ya yi sauƙin tafiya, saboda haka abin da ake so ya daɗe gara a ɗauke shi da manhajar ɗaukar sauti a tura shi a matsayin fayil. Haka karatun da ake loda wa mutane a memori: idan aka matse shi don ya shige da yawa, kaifinsa ya tafi ke nan.

Duk da haka gyara yana da iyaka. Abin da yake kaɗa iska a cikin iyafis wani ɗan faifai ne da bai fi ƙwayar gujiya faɗi ba, da maganaɗisu a bayansa. In an yi su da kayan banza, saiti zai rage aibinsu ne kawai. Nawa ya zama abin aiki mai amfani, bai zama na sarauta ba. Mai niyyar saye ya tafi da wayarsa da karatun da ya haddace, ya nemi a bar shi ya gwada kafin ya biya, ya kuma tuna cewa buga babban suna a kwali ba ya wahalar da kowa.

Saura na ƙarshe a jerin, wanda ba a sayar da shi a kowace kasuwa, wato kunnen kansa. A can cikinsa akwai wasu ƙwayoyi masu siririn gashi da suke mayar da kaɗawar iska ta zama ji, kuma wanda ya mutu a cikinsu ba ya tsirowa. Shekaru da ƙara mai yawa duka daga sama suke fara ci, daga wurin sin da shin ɗin nan da muke ta nema. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraron ƙara mai desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma in ta kai desibel 90 lokacin ya koma awa 4 kacal. Ta kuma ce matasa fiye da biliyan 1 a duniya suna cikin haɗarin raunin ji saboda yadda suke sauraro. Shawararta ita ce kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin waya. Babbar ribar gyaran da na yi a nan take: da harafi ya fito, sai na daina bukatar ƙara ƙarfi.

Ina roƙon 'ya'yanmu masu babura da masu keke mai ƙafa uku da suke bi ta ƙarƙashin gadar sama da hanyar Bolgatanga, su bar kunnuwansu a buɗe in suna kan titi. Odar mota ba ta jiran a ƙare waƙa. Ina roƙon iyaye su riƙa lura: idan kana zaune kusa da yaro kana jin abin da yake saurare, ƙarar ta yi masa yawa. Yaron nan shi ne gobe zai zauna gaban malami ya karɓi karatu baki da baki, shi ne zai saurari wasiyyar mahaifinsa a lokacin da murya ta yi rauni, kuma ba za a maimaita masa ba.

In kunne ya ji, gangar jiki ta tsira. Allah ya jiyar da mu alheri, ya bar mu da jinmu da ganinmu har ƙarshen rayuwarmu. Amin.