Rapa Nui: tsibirin da gumakansa suka juya wa teku baya

A tsakiyar tekun Pasifik, kimanin kilometir 3.500 yamma da gaɓar ƙasar Shili, akwai wani ɗan tsibiri da Faransawa ke kira Île de Pâques, mutanensa kuwa suna ce masa Rapa Nui. Faɗinsa duka bai wuce murabba'in kilometir 164 ba, kuma maƙwabcinsa mafi kusa da ke da mutane, wato Pitkan, yana can nesa da fiye da kilometir 2.000. Baturen farko da ya gan shi, Jacob Roggeveen ɗan ƙasar Holand, ya iso ran 5 ga Afrilu 1722, ranar idin Faska na Kirista. Daga nan sunan Turawa ya samo asali.

Matafiyi mai ƙaramin guzuri, wanda duk kayansa ke cikin jaka ɗaya bisa baya, jirgin sama zai hau daga Santiyago, tafiyar awa biyar da wani abu. Tun 2018 ba a barin baƙo ya wuce kwana 30, kuma sai ya nuna tikitin komawa da shaidar masauki kafin a bar shi ya shiga jirgi. Gari ɗaya ne a tsibirin, Hanga Roa, can ne kawai aka yarda a kafa tanti. Ɗan kasuwa zai gane dalilin tsadar kome da ya leƙa bakin ruwa: babu tashar da babban jirgi zai iya tsayawa, sai ya dakata can cikin teku, ƙananan jirage su riƙa kwaso siminti, shinkafa da man fetur, in igiyar ruwa ta yarda. Shi ya sa masu wayo ke cika jaka da abinci tun daga Santiyago.

Abin da ke kawo mutane shi ne gumakan dutse da ake kira mowai, kusan 900. Yawancinsu an sassaƙe su a gefen wani mataccen dutse mai aman wuta, Rano Raraku, da gatarin dutse, domin mutanen ba su san ƙarfe ba. Kusan 400 na nan har yau a wurin sassaƙar, waɗansu a tsaye ƙasa ta binne su har wuya, waɗansu kwance ba a ma raba bayansu da dutsen ba; ɗaya daga cikin waɗannan tsawonsa ya kai metir 21. Mafi girma da aka taɓa tsayarwa yana da kusan metir 10. A Tongariki guda 15 ne jere bisa dandamali ɗaya. Ambaliyar teku ta 1960 ta watsa su, sai tsakanin 1992 da 1996 aka sake tsayar da su da taimakon wani kamfanin Japon. Siffofin kakanni ne, kuma in ban da bakwai na Akivi, kusan duka sun ba teku baya, suna kallon inda garuruwan zuriyarsu suke.

Yaya aka kai su nisan kilometoci ba dabba ba keke? Tsofaffin tsibirin sun daɗe suna cewa da ƙafarsu suka tafi, Turawa na dariya. Daga baya masana biyu, Terry Hunt da Carl Lipo, suka ɗaura igiya uku ga wani kwaikwayon gunki mai nauyin fiye da ton huɗu, mutum 18 suka riƙa karkata shi dama da hagu, sai ga shi yana gaba a tsaye kamar mai tafiya.

Shekaru da dama littattafai suna koyar da cewa mutanen tsibirin ne suka halaka kansu: suka sare itatuwa, yunwa da yaƙi suka cinye su. Gaskiya ne dajin ya ƙare. Amma binciken jinin kakanninsu da aka buga a 2024 bai ga alamar wata babbar mutuwa ba kafin zuwan Turawa. Mutuwar da tarihi ya tabbatar ta zo ne cikin jirgin ruwa. A 1862 masu farautar bayi daga Peru suka fara kwashe mutane, har kusan 1.500, ƴan kaɗan da aka maido suka zo da cutar agana. A 1877 mutum 111 kaɗai suka saura. Tare da waɗanda suka tafi aka rasa masu karanta rongorongo, rubutun da ke bisa alluna na itace, wanda har yanzu babu wanda ya warware shi. Shili ta haɗe tsibirin a 1888, daga baya ta ba wani kamfani hayarsa don kiwon tumaki har 1953. Aka killace ƴan ƙasa cikin Hanga Roa, tumaki na yawo bisa gonakinsu. Sai a 1966 aka ba su matsayin ƴan ƙasar Shili. Zancen "sun kashe kansu" ya yi wa mutane da yawa daɗi, don yana wanke hannun waɗanda suka kwashe su.

Tun 2017 kula da wuraren tarihi ya koma hannun ƙungiyar ƴan asalin tsibirin, Ma'u Henua, kuma yawancin wuraren ba a shiga sai da ɗan jagora. Mai jaka a baya da ya saba yawo yadda ya ga dama zai yi gunaguni, amma a 2008 wani baƙo ɗan Finlan ya karya kunnen gunki don tsaraba, aka ci shi tarar dalar Amurka 17.000. Gobarar Oktoba 2022 kuma ta lalata gumaka da dama a Rano Raraku.

Wanda ya hau Orongo, bisa bakin ramin Rano Kau, zai hangi Motu Nui, inda a zamanin da samari kan yi iyo kowace shekara neman ƙwan tsuntsu na farko don ubangidansu ya sami sarauta. Daga cikin wani ɗakin dutse na nan ne ma'aikatan jirgin yaƙin Ingila suka fitar da gunkin Hoa Hakananai'a a 1868. Yana gidan tarihi na Landan. A 2018 wakilan tsibirin suka je har can suka roƙi a maido musu shi.