Daga Bana zuwa Yamai: masu hidimar jirgi mai saukar angulu

Manoma da makiyaya, ku taso mu je Yamai. Daga Bana sai Doso, sai babban birni, wajen kilomita 300. Dab da filin jirgin Diori Hamani akwai sansanin sojan sama mai lamba 101. A 2013 Faransa ta ba sojanmu jirage masu saukar angulu guda 3.

Kafin a tura matuƙi fagen daga, sai ya sha horo. Amma ba shi kaɗai ke aikin ba. Makaniki yana duba kowane noti. Mai zuba mai yana lura kada ruwa ya shiga tanki, don ruwa yana iya kashe inji a sama. Mai duba yanayi yana gargaɗi kan hazon hunturu. Likita yana auna idon matuƙi.

In ɗaya ya yi sakaci, rai ne zai tafi. Manomi ya san haka: ba maƙeri, ba hauya.